In cire ƙwan halojin in sa LED a fitilar motata?

Tambayar ta zo ne daga wani malamin makaranta da ke aiki a Birnin Kebbi, iyalinsa kuma suna Yawuri. Ya ce yana da Corolla ƙirar 2006 wadda aka shigo da ita daga Amurka, kuma duk Juma'ar da ya tashi aiki a makare duhu yakan riske shi tsakanin Jega da Koko, fitilar motar kuwa ta yi rauni har ba ya ganin rami sai ya zo kansa. An nuna masa ƙwan LED masu araha, wato masu farin hasken nan da ake sawa a madadin ƙwan halojin mai ɗan rawayan haske da motar ta zo da shi, a wajen masu sayar da kayan mota, an ce masa da ya sa su dare zai koma rana, shi ne yake son ya san ko ya saya, kuma wane iri.

Malam, amsata ita ce ana iya sawa, ni ma da nake aikin rewaya ina sa wa mutane, amma ba da ƙwai ake farawa ba, kuma ba kowane LED ne zai zauna daidai a fitilar da aka ƙera don halojin ba. A cikin motocin da ake kawo mini da kukan rashin haske, mafi yawansu ba ƙwan ne ya gaza ba, abin da ke kewaye da shi ne ya lalace, kuma wanda ya ɗora sabon ƙwai mai ƙarfi a kan wannan lalacewar zai kashe kuɗinsa, ya ƙara wa masu tahowa azaba, shi kuma ganinsa na nesa yana nan yadda yake ko ma ya ragu. Motar da ta kusa shekara ashirin tana shan ranar Kebbi tana da abin dubawa kafin a je kanti.

Ka fara da tsayawa gaban motar da rana ka dubi murfin fitilar. Muna ce masa gilashi, amma a motoci irin taka roba ce mai tauri wadda aka shafa wa wani siririn fenti mai kare ta daga zafin rana. Idan wannan fentin ya ƙone, robar takan yi rawaya ta yi dishi-dishi kamar idon da yanar ido ta rufe, sai hasken da ya kamata ya tafi can gaba ya watse a bakin fitilar. Gyaransa ba wuya: a goge da sanfefa mai ruwa, a fara da mai lamba 800 a bi ta 1500 har zuwa 2000 ko 3000, a bi da man gogewa har ya yi garau, sannan a fesa masa fenti marar launi mai jure rana. Wannan mataki na ƙarshe shi ne yaran gareji suke tsallakewa, shi ya sa za ka ga fitila ta yi kyau yau, bayan 'yan watanni ta koma rawaya fiye da da. Man goge baki da wasu ke shafawa kuwa na kwana kaɗan ne.

Daga nan ka leƙa cikin fitilar ka dubi kwanon nan mai ƙyalli da ke bayan ƙwan. Shi ne ainihin mai tura haske. Idan ka ga saman wurin da ƙwan yake ya yi toka-toka ko ƙyallin ya ɓare, to an taɓa sa wa motar ƙwai mai wat 100 a wurin da aka tsara wa wat 55, abin da direbobi da yawa ke yi da niyyar ƙarin haske, zafinsa kuma ya ƙona kwanon ya narkar da soket. Kwanon da ya ƙone ba ya gyaruwa da goge-goge, kuma babu ƙwan da zai rufe masa asiri, sai dai a nemi wata fitilar a wajen masu kayan gwanjo.

Abu na uku, wanda ido ba ya gani, shi ne wutar da ke isa ga ƙwan. Idan injin yana aiki, altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, in dai mai lafiya ce tana ba da tsakanin volt 13.5 da 14.5 a kan batir. Ka sa mai rewaya ya auna a kan batir, sannan ya auna a bakin soket ɗin fitila alhali tana kunne. Tsohuwar waya, da makunnin da ya ci, da wayar at, wato wadda ke mayar da wuta ta jikin mota, da ta yi tsatsa a inda aka ɗaure ta, duk suna cinye wuta a hanya. Ƙwan halojin kuwa ba ya yafe wannan: idan wutar ta ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa yakan ragu da kusan kashi 30. Na sha kankare wurin at da sanfefa in ƙara rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa da kanta, da waya mai kauri kai tsaye daga batir, mai mota ya dawo washegari yana tambayata wane ƙwai na sa masa, alhali ƙwansa na jiya ne.

To, a ce duk an gyara waɗannan, har yanzu kana son LED. A nan ne ya kamata ka fahimci abin da mai kanti ba zai gaya maka ba, galibi don shi ma bai sani ba. A cikin ƙwan halojin akwai wata siririyar waya murɗaɗɗiya, tsawonta 'yan milimita kaɗan, ita ce take yin ja ta ba da haske ta kowace fuska, sama da ƙasa da gefe. Waɗanda suka ƙera fitilar motarka sun lissafa kowane lungu na kwanon ne a kan cewa hasken zai fito daga wannan ɗan wuri, ba gaba da shi ba, ba baya ba. Wani ɓangare na kwanon yana tura haske nesa a kan kwalta, wani yana baza shi gefen hanya inda mai tafiya a ƙasa da dabbobi suke, wani kuma an lanƙwasa shi yadda haske ba zai tashi ya shiga idon mai tahowa ba. Idan tushen hasken ya gusa da ko milimita ɗaya ko biyu, duk wannan lissafi ya rushe. Kamar tabarau ne: gilashin na iya zama mai tsada, amma idan ba a kan ido ya zauna ba, ba zai nuna maka rubutu ba.

Shi kuwa ƙwan LED ba waya ce mai zagayayyen haske ba. Ɗan falle ne na ƙarfe da aka manna wa ƙwayoyin haske a fuska biyu, kowace fuska tana haska gefenta kawai, a tsakaninsu kuma akwai kaurin ƙarfen da ba ya ba da komai. Masu ƙera na ƙwarai suna ƙoƙarin su sa fallen ya zama siriri ƙwarai, ƙwayoyin kuma su zama ƙanana a jere, daidai tsawon wayar halojin kuma daidai inda take zama. Masu araha kuwa sukan manna manyan ƙwayoyi masu faɗi, wani lokaci a fuska uku ko huɗu, har su rubuta a kwali cewa yana haska kowace kusurwa, mai saye ya ɗauka wannan ƙari ne alhali shi ne aibin. Kada ka kwatanta wannan da farin hasken da kake gani a sababbin motoci. Tun daga Lexus LS 600h ta 2007, wadda ita ce ta fara fitowa da fitilar dim ta LED daga kamfani, irin waɗannan fitilu ana ƙera su ne gaba ɗaya, da kwano da gilashi da wurin sanyaya, a kan LED ɗin da ke ciki. Abin da kake shirin yi dabam ne, baƙo za ka saukar a ɗakin da aka gina don wani.

Akwai wata yaudara da take kama kusan kowa a daren farko. LED marar kyau yakan zuba fari fat a ƙasa daf da gaban mota, mita goma zuwa ashirin, har ka ga tsakuwa ɗaya-ɗaya, sai zuciya ta ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Amma ido yana daidaita kansa ne da wurin da ya fi haske, don haka da gabanka ya yi fari sosai sai ƙwayar ido ta tsuke, can nesa inda ramin yake ko inda jaki ya tsaya a tsakiyar hanya ya ƙara yin duhu. A gudun da ake yi tsakanin Jega da Koko, abin da ke mita goma a gabanka ka riga ka taka shi. Hasken da kake buƙata shi ne na mita hamsin zuwa sama, kuma shi ne wanda ƙwai marar saiti ya fi zubarwa.

Game da lambobin da ke jikin kwali, kada ka ba su muhimmanci. Kwanakin baya wani direban Hiace da ke jigila tsakanin Birnin Kebbi da Kamba ya kawo mini wasu ƙwai a kwali mai sheƙi, an rubuta wat 300 da lumen 30,000 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske), yana murna ya samu a sauƙaƙe. Na ce ya tsaya mu gani. Na haɗa ɗaya da batir ta cikin mita, ya ja wutar da ta ɗan gaza amfiya biyu, wato wat ashirin da 'yan kai ke nan, kuma da muka bar shi kunne na minti goma ya ɗumama, sai na ga lambar tana sauka, domin ƙaramin akwatin da ke jikinsa yana rage wuta don kada ya ƙone. Lissafin a fili yake: wat 300 a ƙwai biyu 150 ke nan kowanne, kuma ƙwai mai wat 150 na gaskiya zai ja fiye da amfiya 11, abin da fiyus da wayar fitila ba za su daɗe suna ɗauka ba, kuma ɗan yatsan alminiyam da 'yar fanka ba za su iya fitar da wannan zafi ba. Don ka samu ma'auni, ƙwan dim na motarka, mai lamba 9006, wat 55 ne kuma yana ba da lumen kusan 1,000, na ful kuma, mai lamba 9005, wat 65 ne da lumen kusan 1,700. LED na ƙwarai mai wat 20 zuwa 30 yana iya ba da ninki biyu na wancan dim ɗin, kuma wannan ya isa ƙwarai idan ya sauka inda ya kamata. Sa'o'i 50,000 da ake rubutawa ma na ƙwayar hasken ne a ɗakin gwaji, ba na fanka da akwatin ba, su kuwa su ne suke fara mutuwa.

Idan ka je saye, ka cire tsohon ƙwanka ka tafi da shi. Ka jera su kafaɗa da kafaɗa, gindi daidai gindi, ka duba ko ƙwayoyin LED ɗin sun faɗo daidai tsayin wayar halojin, kuma tsawon jerinsu bai wuce nata ba. Ka juya shi ta gefe ka dubi kaurin fallen, mafi siriri shi ne mafi kyau. Ka zaɓi mai fuska biyu, ka bar mai huɗu komai arahar da aka yi maka. Ka duba ko wuyansa yana juyawa, domin bayan an ɗaura shi dole ƙwayoyin su kalli dama da hagu, fallen yana tsaye, ba su kalli sama da ƙasa ba. Na ga motoci da dama da aka sa wa ƙwai mai kyau a karkace, aka ɗora wa ƙwan laifi. Sannan ka yi sharaɗi da mai kanti tun kafin ka biya cewa za ka gwada a bango a daren nan, idan bai yi ba ka mayar masa. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi ya riga ya gaya maka abin da yake sayarwa.

Launi ma abin dubawa ne a ƙasarmu. Halojin yana wajen 3200K, shi ya sa yake da ɗan rawaya, yawancin LED na kasuwa kuwa 6000K ne zuwa 6500K, fari mai ratsin shuɗi, wasu har 8000K. Wannan lamba ta launi ce, ba ta ƙarfin haske ba, kuma da ta haura sai hasken ya ƙara yin shuɗi ya ƙara damun ido. A watannin hunturu, lokacin da ƙura ke rufe hanyar Argungu har ba ka hango bishiyar gefen titi, duk hasken da ya tashi sama da layinsa yakan bugi ƙurar ya dawo maka kamar farin labule, kuma mai shuɗi ya fi gajiyar da ido a wannan hali. Haka yake da damina a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Idan ka samu mai 4300K zuwa 5000K, shi na fi so, ko da yake ba shi ne samari ke nema ba, don haka ba kowane kanti ne ke ajiye shi ba.

Mutane suna cewa LED ba ya zafi. Gabansa ne ba ya zafi, gindinsa kuwa yana yi, kuma zafi shi ne ajalinsa. Halojin yana jefa zafinsa gaba tare da haske, shi ma an yi shi ne don ya yi zafi, LED kuwa dole a janye masa zafi ta baya, ko da haƙarƙarin alminiyam ko da 'yar fanka. Ka tuna cewa a Maris da Afrilu zafin garin nan yana wuce digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin bonet kusa da injin. Fankar nan kuma ƙura take shaƙa, ranar da ta cije ƙwan zai dusashe ko ya fara kyaftawa ya mutu. Babban kuskuren da nake gani shi ne idan gindin ƙwan ya yi girma murfin roba na bayan fitila ya ƙi rufuwa, sai yaro ya jefar da murfin ko ya yanka shi da reza. Cikin hunturu ɗaya ƙura za ta kwanta a kan kwanon, damina kuma ta shigar da ruwa, kuma tunda LED ba ya ɗumama gilashi kamar halojin, raɓar da ta taru a ciki takan daɗe ba ta bushe ba. A motar da fitilarta ke da irin wannan murfi, a nemi ƙwan da zai shige a rufe, ko a sayi murfi mai zurfi.

Akwai 'yan matsalolin wuta da ya kamata ka sani don kada a ruɗe ka a gareji. Wasu LED ba sa kamawa sai an juya soket ɗin, domin suna bambance waya mai wuta da ta at, ba kamar halojin ba, don haka idan bai kama ba a juya kafin a ce ya mutu. Motocin Toyota da yawa da aka yi don Amurka da Kanada suna kunna fitilar gaba da rana da ragaggiyar wuta, halojin yana karɓar wannan ya yi ɗan ja-ja, LED kuwa yakan yi ta kyaftawa ko ya kama da cikakken ƙarfi, kuma wannan yana rage masa kwana, sai ka sa a duba wane ƙwai ne motarka ke kunnawa da rana kafin a taɓa shi. Motocin Jamus na baya-bayan nan, irin su Mercedes da BMW da Volkswagen, kwamfutarsu tana lura da yawan wutar da ƙwai ke ja, idan ta ga ta yi kaɗan sai ta nuna a dashbod cewa ƙwai ya mutu, wannan kuma ba matsalarka ba ce da Corolla. Idan kuma ka kunna fitila ka ji rediyo ya fara shuu, akwatin ƙwan ne marar inganci.

Yanzu ga gwajin da shi ne alƙali, kuma ba ya buƙatar komai sai bango da alli da abin awo. Bayan sallar isha'i ka sami fili mai shimfiɗe da bango a gabansa, ka tabbata iskar tayoyi daidai take kuma but ba ya ɗauke da buhunan shinkafa, domin kaya a baya yana ɗaga hancin mota. Ka tsayar da motar mita 10 daga bangon, tana kallonsa sak. Ka auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ka ja layi da alli a bangon a wannan tsayi, ka ja wani layin santimita 10 a ƙarƙashinsa. Ka kunna dim da tsohon ƙwanka tukuna, ka rufe fitila ɗaya da kwali ka dubi ɗayar. Za ka ga haske yana da iyaka a sama, ƙasanta haske samanta duhu, kuma wurin da ya fi haske yana daf da wannan iyaka, ya ɗan karkata dama. Dama ne domin tun 1972 a hannun dama muke tuƙi a Najeriya, mai tahowa yana hagunka. Iyakar ta hagu ya kamata ta sauka a kan layin ƙasa, idan ba ta sauka ba akwai sukurun saiti a bayan fitilar da ake juyawa. A fitilun Turai za ka ga an buga 1.0% ko 1.2% a jiki, ma'anarsa ke nan, saukar santimita 10 ko 12 a kowace mita 10. Fitilun Amurka irin naka iyakarsu ba ta kai ta Turai kaifi ba, amma tana nan. Ka zagaye wurin da ya fi haske da alli, ka ɗauki hoto da waya.

Sannan ka sa LED a gefe ɗaya kawai, ka bar halojin a ɗayan, ka sake dubawa. Idan iyakar tana nan inda take, wuri mafi haske ya faɗa cikin da'irar allinka, samanta kuma duhu ne, to ka dace, ka sa na biyun. Idan kuwa ka ga haske ya fantsama sama da layin alli, ko ya rabu gida-gida da baƙaƙen tabo a tsakani, ko wuri mafi haske ya sauko ƙasa, ka juya wuyan ƙwan kaɗan-kaɗan ka gani, idan bai gyaru ba ka cire shi. Kada ka yarda a ce za a sunkuyar da fitilar don a daina yi maka ful, domin an gudu ne ba a tsira ba, ka rage wa mutane azaba ka kuma yanke wa kanka nisan gani. Daga ƙarshe ka bar motar kunne ka taka mita talatin ko arba'in gaba, ka ɗan durƙusa daidai tsayin mai zaune a ƙaramar mota ko a kan babur, ka kalle ta. Abin da idonka ya ji shi ne abin da kowane ɗan acaɓa zai ji daga Kalgo har Yawuri.

Ina nanata wannan ne saboda abin da na gani da idona. Wani dattijo mai tsohuwar Golf ya kawo mini ita da madubin gefe a karye da ƙofa a goge. Ya ce wata mota ce ta taho masa da farar fitila kusa da wata gada, ya yi mata alama ta rage, ashe dim ɗinta ke nan, sai mai ita ya ƙara masa da ful don ya nuna masa. Ya ce da bakinsa, "Wagga hitila ta ɗauke man gani ɗai, ban san sa'ad da nis sauka hanya ba." Allah ya kiyaye, kututture ya goga ba mutum ba. Idon mai shekaru yana daɗewa kafin ya dawo bayan haske ya buge shi, kuma motar da ka makantar da direbanta a hanya mai layi biyu kai take tunkara. Ba a banza ba ne wasu ƙasashe suka tsaurara. A Ingila tun 2021 motar da aka sa wa ƙwan LED a fitilar halojin ba ta cin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, sai tsofaffi ƙwarai da aka keɓe. A Jamus sai a 2020 aka fara amincewa da irin wannan ƙwai, na kamfanin Osram, daga baya na Philips, kuma ga jerin motocin da aka gwada shi a cikin fitilarsu ɗaya bayan ɗaya kawai. A nan ba wanda zai yi maka wannan gwaji, bangon nan da allinka su ne madadinsa.

Wani abu kuma da babu ƙwan da zai canza shi: fitilar dim, saboda a sunkuye take, iyakacin abin da take nuna maka bai wuce mita 50 zuwa 70 ba a mota mai tsayin Corolla. A gudun kilomita 100 a awa, mota tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, wato daƙiƙa biyu da ɗan abu ke tsakaninka da duk abin da fitilar ta fara taɓawa, saniya ce ko tirelar da ta lalace aka jera mata ganye a baya. Saboda haka a inda babu mai tahowa ful ne abokin tafiyarka, kuma shi ya cancanci ka fara kula da shi, da zarar ka koma dim kuma ƙafa ta sassauta.

Ga yawancin masu Hiace da Hilux da Golf 3 da za su karanta wannan, ƙwanku H4 ne, mai waya biyu a ciki, wat 60 na ful da 55 na dim, da wani ɗan murfin ƙarfe a ƙarƙashin wayar dim wanda shi ke yanke haske. Kwaikwayon wannan ya fi wuya, kuma LED na H4 da ba shi da wannan ɗan murfi kada ma a kai shi bango. Masu Camry ta 2007 zuwa 2011 kuwa, wadda dim ɗinta ke da ƙwallon gilashi kamar ido da ƙwai mai lamba H11, sun fi samun sauƙi, domin akwai ƙarfe a ciki da ke yanke hasken sama komai ƙwan da aka sa, amma su ma su duba ko hasken nesa bai ragu ba.

A motarka, Malam, ga yadda zan yi da tawa ce. Zan goge gilashi in fesa masa fenti, in gyara at in auna wuta, in sa sababbin halojin na kamfanin da aka sani guda biyu tare, domin tsohon ƙwai yana dusashewa tun kafin ya mutu, ba tare da na taɓa gilashinsu da yatsa ba saboda maiƙon hannu yana rage musu kwana, in yi saiti a bango, sannan in yi tafiyar Yawuri sau ɗaya in gani. Idan ka samu ƙwai mai lamba 9012, halojin ne shi ma mai wat 55, wayarsa tana zama inda ta 9006 take, amma yana ba da lumen kusan 1,800, kuma yana shiga gurbin idan mai rewaya ya ɗan rage kunne ɗaya na robar gindinsa, sai dai shi ma a kai shi bango. Idan bayan wannan har yanzu kana son farin haske, ka sayi LED mai fuska biyu da sharaɗin mayarwa. Tsofaffin ƙwanka kuma ka naɗe su a tsumma mai tsabta ka ajiye a aljihun dashbod tare da fiyus biyu, domin LED ba ya ba da sanarwa mai tsawo kafin ya ɗauke, kuma tsakanin Koko da Yawuri da ƙarfe tara na dare ba za ka sami kanti a buɗe ba.